Me ya sa alƙaluman aiki da albashi ba sa kama da abin da ido ke gani?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Malam, kullum muna jin gwamnatoci suna cewa rashin aikin yi ya sauka zuwa kashi kaza, an samar da guraben aiki dubu kaza, matsakaicin albashi ya ƙaru. Amma in ka dubi jama'a sai ka ga abin bai yi kama da haka ba. Ta yaya ake ƙirga waɗannan abubuwa? Wa ake ɗauka mai aiki? Su ma'aikatan gwamnati fa, ya ake lissafa su? Ko dai duk ƙarya ce?"

Ɗan'uwa, alƙaluman da hukumomin ƙididdiga na ƙwarai ke fitarwa galibi ba ƙarya ba ne. Abin da ke faruwa shi ne suna amsa wata tambaya daban da wadda ke ranka. Kai so kake ka san mutum nawa ne abin da suke samu bai ishe su ba. Su kuwa abin da suka tambaya shi ne mutum nawa ne, a cikin wani mako guda, ba su yi aikin kuɗi ko na awa ɗaya ba, sun fita nema, kuma da an kira su za su zo. Tsakanin tambayoyin nan biyu akwai miliyoyin mutane, kuma su ne idonka ke gani.

Ba kowace ƙasa ce ke ƙirƙiro ma'anarta ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, mai hedikwata a Jeneba ta ƙasar Suwizalan, tana tara masana ƙididdigar aiki tun 1923, yanzu kusan duk bayan shekara biyar, su amince da ƙa'idoji. Zama biyu ne suka fi shafar tambayarka: na 13 a 1982, da na 19 a 2013. Na 1982 ne ya kafa tsarin da duniya ta saba da shi. Duk wanda ya kai shekarun aiki, galibi daga 15, a Amurka da Birtaniya daga 16, sai a saka shi cikin ɗaya daga rukuni uku: mai aiki, marar aiki, ko wanda ba ya cikin kasuwar aiki kwata-kwata. Ba a barin kowa a tsakani, ba a kuma ƙirga mutum sau biyu.

Jami'in da ke zuwa gida da kwamfutar hannu ba ya tambayar "kana da aiki?" Da zai yi haka, da kowa ya amsa da ma'aunin zuciyarsa. Mai digirin da ke tuƙa motar haya zai ce ba shi da aiki, don ba abin da ya karanta ke nan ba. Matar da ke ɗinki a ɗaki tana sayarwa za ta ce ita zaman gida kawai take yi. Saboda haka ana bin mutum ne daki-daki. "A makon jiya, daga ranar kaza zuwa ranar kaza, ka yi wani aiki na albashi ko lada, ko da na awa ɗaya ne?" In ya ce a'a, sai a ce, "Ka yi wata sana'a, saye da sayarwa ko gyara, don samun kuɗi?" A'a. "Ka taya wani ɗan gidanku a kasuwancinsa?" A'a. "Kana da aikin da ba ka je ba saboda ciwo, hutu ko yajin aiki, wanda za ka koma?" Sai duk waɗannan sun zama a'a kafin a shiga zancen nema. "A makonni huɗun da suka wuce, ka yi wani abu don samun aiki ko fara sana'a? Me ka yi?" Nan ba a karɓar "ina dai sa rai". Sai ya faɗi abin da ya yi: ya kai takarda, ya je ganawa, ya tambayi 'yan'uwa da abokai, ya nemi jari ko lasisi. A Amurka, wanda ya karanta tallan guraben aiki kawai bai tuntuɓi kowa ba, ba a ɗaukar shi mai nema. Sai tambayar ƙarshe: da an ba shi aiki, a shirye yake ya fara? Ka lura, mutumin bai taɓa furta cewa shi marar aiki ba ne. Amsoshinsa ne suka yanke masa rukuni.

Ƙa'idar awa ɗaya ce ta fi ba mutane haushi, kuma ina ganin dalilin haushin. Wanda ya yi dako na awa biyu a mako ya zama "mai aiki" daidai da likitan da ya kwana a asibiti. To amma ka gwada sa wata iyakar. In ka ce awa 20, me ya bambanta mai awa 19 da mai 21? Ɗalibar da ke aikin awa 10 da son ranta, ba ta neman ƙari, marar aiki ce? Sannan duk abin da aka samar a awa ɗayan nan yana shiga lissafin arzikin ƙasa, don haka wanda ya samar da shi ma dole ya bayyana a lissafin aiki, in ba haka ba littattafan biyu ba za su daidaita ba. An zaɓi a ce marar aiki shi ne wanda ba shi da komai sam, sannan a auna masu ƙarancin aiki da wani ma'auni daban. Laifin da nake gani ba na ƙa'idar ba ne. Na masu ɗauko lamba ɗaya ne su buga a kanun labarai su bar sauran a cikin rahoto.

Inda gizo ke saƙar kuma shi ne a wajen rabawa. Ba a raba marasa aiki da yawan jama'a. Ana raba su ne da jimillar masu aiki da masu nema kawai. Bari mu ƙaddara wani gari mai manya 100. Mutum 55 suna aiki, 5 suna nema, 40 kuma ɗalibai ne, tsofaffi, masu kula da gida, marasa lafiya. Kasuwar aiki mutum 60 ke nan, rashin aiki kuwa 5 cikin 60, kashi 8.3. Yanzu biyu daga cikin biyar ɗin nan su gaji da yawo su zauna. Masu nema sun koma 3, kasuwa ta koma 58, lamba ta sauka zuwa kashi 5.2. Ba wanda ya samu aiki, amma minista na iya fitowa ya ce an ci nasara, kuma lissafinsa daidai ne. A ɗaya gefen, a ce an ji labarin za a buɗe masana'anta, mutum huɗu daga cikin arba'in ɗin suka fito nema. Lamba ta haura zuwa 9 cikin 64, kashi 14, alhali abin alheri ne ya fito da su. A duk yanayin ukun, masu aiki 55 ne cikin 100. Shi ya sa masana ke fara duban wannan kason, na masu aiki cikin dukan manya, kafin su saurari lambar rashin aiki.

Hukumomin sun san da wannan, kuma nagarin cikinsu ba sa ɓoyewa. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, BLS, tana fitar da ma'auni shida duk wata, daga U-1 zuwa U-6. Na uku ne ke shiga labarai. Na shida yana haɗawa da waɗanda ke son aiki, sun nema cikin shekarar amma ba cikin makonni huɗun ƙarshe ba, da waɗanda ke aikin rabin lokaci don dole. Kusan kullum ya kan kusa ninka na ukun. A Afirka ta Kudu, a farkon 2024, lambar hukuma ta kusa kashi 33, amma da aka haɗa da waɗanda suka fid da rai, ta haura kashi 40.

Akwai wani abu da ke rikita masu kwatanta ƙasashe. Zama ba aiki kana nema wata shida, wannan sai mai abin dogaro: tallafin gwamnati, ajiya, ko iyaye masu hali. Inda babu ko ɗaya, mutum ba zai zauna ba, zai kama duk abin da ya samu, ko da ba ya fitar da shi kunya. Don haka ƙasa matalauciya na iya nuna kashi 3 ko 4, ƙasa mai arziki ta nuna 7 ko 10. A irin waɗannan ƙasashe ma sau da yawa masu ilimi ne suka fi yawan rashin aiki a takarda, don su ne ke da damar jira. Ƙaramar lamba a can ba albishir ba ne. Abin da za ka nema shi ne yawan masu aikin da ba shi da rajista, ba kwantiragi, ba fansho, da yawan masu aiki amma suna cikin talauci.

Misalin Najeriya ya nuna ƙarfin ma'ana ƙarara. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta ba da kashi 33.3 na ƙarshen 2020. A tsohuwar hanyarta, duk wanda ya yi ƙasa da awa 20 a mako marar aiki ne, mai 20 zuwa 39 kuma mai ƙarancin aiki. A Agustan 2023 ta koma ƙa'idar awa ɗaya, ta ba da kashi 5.3 na ƙarshen 2022 da 4.1 na farkon 2023. Ba wata masana'anta da ta ɗauki miliyoyin da ke tsakani. Rahoton nan dai ya ce sama da kashi 90 na masu aikin suna cikin aikin da ba shi da rajista, kuma wannan ce lambar da ta kamata a yi muhawara a kanta. Ruwanda kuwa akasin haka ta gani. Zaman 2013 ya taƙaita "aiki" ga abin da aka yi don albashi ko riba, ya cire manomin da ke noma don cin gidansa kawai, ya ba shi rukuni nasa. Da Ruwanda ta bi wannan a sabon bincikenta na 2016 da 2017, lambarta ta tashi daga ƙasa da kashi 5 zuwa sama da 15, don manoman nan da yawa suna neman aikin kuɗi. Littafi ɗaya ƙasashen biyu suka nufa, ɗaya ta sauka, ɗaya ta hau, saboda kowace daga wuri daban ta taso.

To daga ina bayanan ke fitowa? Ba a tambayar kowa da kowa. Likita ba ya zuƙe jinin jiki duka kafin ya gane ciwo, ɗan abin da ya cika sirinji ya ishe shi, muddin an ɗebo shi yadda ya kamata. Amurka na tuntuɓar gidaje kusan 60,000 duk wata, a bincike da ya faro tun 1940, game da makon da ranar 12 ga wata ta faɗo ciki. Gida kan shiga wata huɗu, ya huta wata takwas, ya dawo wata huɗu, don a iya kwatanta wata da wata da kuma shekara da shekara. Daga nan lambar rashin aiki ke fitowa. Ita kuwa maganar "an samar da guraben aiki dubu kaza" daga wani bincike daban take, wanda ke tambayar kamfanoni da hukumomi sama da 100,000 mutum nawa ke cikin jadawalin albashinsu. Na farko mutane yake ƙirgawa, na biyu kujeru. Mai aiki biyu mutum ɗaya ne a na farko, guraben aiki biyu ne a na biyu. Na biyun ba ya ganin manomi, ba ya ganin mai zaman kansa, ba ya ganin 'yar aikin gida. Saboda haka a wata guda ɗaya na iya hawa ɗaya na sauka ba tare da wani ya yi ƙarya ba. A ƙasar da yawancin mutane ke cin gashin kansu, binciken kamfanoni ɗan lungu kawai yake haskawa, sai dai a dogara da na gidaje.

Wasu ƙasashe kuma na da lamba ta uku, ta masu karɓar tallafin rashin aiki ko masu rajista a ofishin neman aiki. Wannan tana motsi da zarar an sauya sharaɗin cancanta, don haka ba na ba ta nauyi sosai.

Tunda samfuri ne, wato wasu kaɗan ake tambaya a madadin kowa, akwai ɗan kuskuren da ba makawa. BLS da kanta tana cewa sauyin guraben aiki na wata guda na iya kaucewa da kusan 130,000 sama ko ƙasa, kuma motsin rashin aiki da bai kai kusan 0.2 ba, ba a iya bambanta shi da sa'a. Amma sai ka ga kasuwannin hannun jari sun girgiza kan bambancin 30,000. Ana kuma tace tasirin lokutan shekara: ɗaukar ma'aikatan shaguna gab da bukukuwan ƙarshen shekara, rufe makarantu, lokacin girbi. Lambar da kake ji ba ita ce ɗanyar ba, an cire abin da aka saba gani duk shekara a wannan watan. Sannan akwai gyara. Kamfanoni da yawa ba sa aiko da amsa kan lokaci, don haka ana gyara lambar kowane wata sau biyu, sannan sau ɗaya a shekara a daidaita ta da takardun harajin inshorar rashin aiki, waɗanda suka ƙunshi sama da kashi 95 na ayyukan albashi. A Agustan 2024 wannan daidaitawa ta nuna a matakin farko cewa an yi ƙari da guraben aiki 818,000 a lissafin Maris na shekarar. Ranar 1 ga Agustan 2025, Shugaba Donald Trump ya kori shugabar hukumar, Erika McEntarfer, sa'o'i kaɗan bayan rahoton da ya zaftare 258,000 daga lissafin Mayu da Yuni. A ganina gyara ba shaidar maguɗi ba ce. Hukumar da ba ta taɓa gyara lambarta ba ita ce ta fi ba ni tsoro.

Babbar cutar wannan sana'a a yau ita ce mutane sun rage amsawa. A Oktoban 2023 ofishin ƙididdiga na Birtaniya ya dakatar da fitar da lambobin binciken gidajensa na ɗan lokaci, saboda masu amsawa sun yi ƙaranci har ba a amince da sakamakon ba. Kuma waɗanda ke ƙin amsawa ba irin waɗanda ke amsawa ba ne, matasa da masu yawan ƙaura sun fi wuyar samu.

Zancen ma'aikatan gwamnati kuma, za ka zaci shi ne mafi sauƙi tunda gwamnati ce ke biya. Ba haka ba ne. Tambayar farko: ina gwamnati ta tsaya? Tsarin lissafin arzikin ƙasa na duniya ya raba biyu. Akwai gwamnati zalla, wato ma'aikatu, ƙananan hukumomi, makarantu da asibitocin da haraji ke riƙe da su. Akwai kuma ɓangaren gwamnati baki ɗaya, wanda ya haɗa da kamfanonin da take iko da su. Abin da ake dubawa shi ne wa ke da iko da wurin, sannan ko cinikinsa na biyan fiye da rabin kuɗin gudanar da shi. Da Birtaniya ta ceto bankunan RBS da Lloyds a 2008, sai ma'aikatansu suka koma cikin lissafin ɓangaren gwamnati, adadin ya yi tsalle ba tare da an ɗauki ko masinja ba. Haka kuma idan ma'aikata ta sallami masu shara ta ba kamfani kwangila, ma'aikatan gwamnati sun ragu a takarda, alhali mutanen nan ne dai ke sharar benen nan, kuɗin kuma daga baitulmali ɗaya yake fita.

A Amurka ma'aikatan gwamnati sun kai kusan miliyan 23 a 2024, amma na tarayya kusan miliyan 3 ne kawai, har da ma'aikatan gidan waya. Sama da miliyan 14 na ƙananan hukumomi ne, kuma fiye da rabinsu a makarantu suke. Sojoji ba sa cikin wannan lissafi, haka ma ma'aikatan hukumomin leƙen asiri irin su CIA. Wata ƙasar kuwa tana saka sojojinta ciki, sai wani ya jera lambobin biyu ya ce wannan ta fi waccan kumbura. A Mayun 2010 a Amurka an ɗauki ma'aikatan wucin gadi 411,000 don ƙidayar jama'a, lambar tarayya ta hau, bayan 'yan watanni ta dawo. Akwai kuma bambanci tsakanin ƙirga kawuna da ƙirga cikakken lokaci, inda masu rabin lokaci biyu ke zama mutum ɗaya. Gurbin da kasafi ya amince da shi daban, wanda aka cike daban, wanda ake biya daban. Inda jadawalin albashi ke ɗauke da ma'aikatan bogi, na ukun ya kan fi na biyun yawa, kuma binciken gidaje ne ke iya tona asirin, don ma'aikacin bogi ba ya buɗe ƙofa ya amsa tambaya.

Albashi ya fi duk waɗannan santsi. Da farko, wane albashi? Akwai abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki. Akwai abin da mutum ya samu a zahiri, da alawus da kuɗin ƙarin lokaci, kafin a cire haraji da fansho, kuma wannan ne yawancin hukumomi ke bayarwa, ba abin da ya shiga aljihu ba. Akwai kuma abin da ma'aikaci ya ci wa mai ɗaukarsa, har da gudummawar fansho da inshorar lafiya. A Amurka waɗannan ƙare-ƙaren sun kai kusan kashi 30 na kuɗin ma'aikaci a kamfanoni, kusan kashi 38 a gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi. Wanda ya kwatanta albashin gwamnati da na kamfani bai saka wannan ba, bai fara ba. Ko ya saka, saura ya tuna cewa gwamnati ta fi tara malamai, ma'aikatan jinya da masu digiri, don haka sai an kwatanta mai irin ilimi da shekaru da takwaransa.

Sai matsakaici. A ce mutum goma, tara na samun 100 kowanne, ɗaya na samun 1,100. Ka tara ka raba goma, ka samu 200, adadin da babu ko mutum ɗaya a cikinsu da ke samu. In kuwa ka jera su daga ƙarami zuwa babba ka nuna na tsakiyar layi, 100 za ka gani. Tunda albashi na da rufi mai nisa a sama amma ba ya sauka ƙasa da sifiri, na tarawa da rabawa kusan kullum ya fi na tsakiyar layi. Binciken albashi na shekara-shekara a Birtaniya, wanda ke ɗaukar kashi 1 cikin ɗari na ayyukan da ke rajistar haraji duk watan Afrilu, na tsakiyar layin yake sawa a gaba saboda wannan.

Abin da ya fi yaudara shi ne sauyin waɗanda ake ƙirgawa. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, rahoton farko ya ce Amurka ta rasa guraben aiki miliyan 20.5, rashin aiki ya kai kashi 14.7. A cikin rahoton nan dai, matsakaicin albashin awa ya ƙaru da dala 1.34 zuwa dala 30.01, kusan kashi 5 a wata guda. Ba ƙarin albashi ne ya jawo wannan ba. Masu hidima a gidajen abinci da otal da shaguna, masu ƙaramin albashi, su aka sallama, sai masu babban albashi suka rage a lissafi. Don kauce wa wannan ne ake da wani ma'auni na duk wata uku, wanda ke riƙe tsarin ayyuka yadda yake ya bi farashin aiki iri ɗaya. In ka ji albashi ya tashi a lokacin da ake korar mutane, ka tambayi wa ya fita daga lissafin.

Bayan haka sai hauhawar farashi. Ƙarin kashi 10 a shekarar da kaya suka tashi da kashi 15 ragi ne na kusan kashi 4. Wannan ya nuna cewa albashi na haƙiƙa ya rataya ne a wuyan wata lamba, ta farashin kaya, wadda ke da nata kwandon da nata rigimar.

Mai zaman kansa kuwa ba shi da albashi, riba gare shi, a cakuɗe da jarinsa da guminsa da na iyalinsa. Ka tambaye shi nawa ya samu a watan jiya, ko dai ya faɗi cinikin duka bai cire kuɗin kaya ba, ko ya rage don yana zaton mai karɓar haraji ne ya turo ka. Saboda haka "matsakaicin albashi" a ƙasashe da yawa na 'yan tsirarun da ke da takardar biya ne kawai, kuma hukumomin sun fi amincewa da tambayar abin da gida ya kashe fiye da abin da ya samu.

Saura tambayarka ta ƙarshe, ko ana maguɗi. Ana yi. Daga 2007 gwamnatin Ajantina ta sa hannu a hukumar ƙididdigarta, lambar hauhawar farashi ta riƙa fitowa ƙasa sosai da abin da masu bincike masu zaman kansu ke samu, har Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya tsawatar da ƙasar a hukumance a Fabrairun 2013. Duk lissafin albashi na haƙiƙa da aka ɗora kan waccan lamba ya gurɓata tare da ita. Amma ƙirƙiro lamba daga iska ba shi ne ya fi yawa ba, don masana na gano shi da wuri. Abin da ya fi yawa shi ne jinkirta rahoto, daina fitar da shi, ko sauya ma'ana a lokacin da ya yi wa masu mulki daɗi. Don haka abin da nake dubawa shi ne: shin hukumar na sanar da ranakun fitar da rahoto tun kafin lokaci ta kuma cika? Ta wallafa tambayoyin da take yi? Tana ba masu bincike ɗanyen bayanan su sake lissafi? In ta sauya hanya, ta ba da tsohuwa da sabuwa gefe da gefe na lokaci ɗaya, don a ga nawa ne na sauyin hanya?

Sin ta ba da kashi 21.3 na rashin aikin matasan birane masu shekara 16 zuwa 24 a Yunin 2023. A Agusta ta dakatar da fitar da lambar. A Janairun 2024 ta dawo da ita bayan ta cire ɗalibai, sai ta zama 14.9 na watan Disamba. Cire ɗalibai na da hujjar da za a iya saurara, ko da yake a ƙa'idar ILO ɗalibin da ke neman aiki kuma a shirye yake, marar aiki ne kamar kowa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a jera 21.3 da 14.9 a layi ɗaya a ce an samu sauƙi, don ba mutane ɗaya aka ƙirga ba.